Zambo a Kujerar Mai Labarai: Shirin Al-Barnamaj a Ma'aunin Ladubban Harshe

Basim Yusuf likitan tiyatar zuciya ne kafin ya zama mai ba da dariya. A watan Maris na 2011, makonni kaɗan bayan faɗuwar Husni Mubarak, ya fara sanya gajerun bidiyo a YouTube yana yi wa tashoshin Masar ba'a kan yadda suka ba da labarin juyin. Cikin azumin shekarar tashar ONTV ta ɗauke shi, aka raɗa wa shirin Al-Barnamaj. A Nuwamban 2012 ya koma tashar CBC, ana ɗaukar shirin gaban 'yan kallo a Sinimar Radiyo da ke tsakiyar Alƙahira, a nuna shi daren Juma'a. Siffar aro ce daga The Daily Show na Amurka, wanda Jon Stewart ya jagoranta daga 1999 zuwa 2015: mutum ya zauna bayan tebur cikin kwat kamar mai karanta labarai, ya kunno maganar wani babba, ya tsayar, ya yi mata fashin baƙi da zolaya.

Siffar ta iso Najeriya a 2017, lokacin da tashar Channels ta fara The Other News tare da Okey Bakassi, kuma bidiyoyin Ɗan Bello da suka yaɗu a 2024 sun nuna cewa Hausa ma tana ɗaukarta. Ɗalibin da ke kallon irinsu a wayarsa a ɗakin kwana a Dundaye yakan ji fatawa biyu. Wata ta ce haram ne ɗungurungum, domin giba ce da izgili. Wata ta ce faɗin gaskiya ne gaban azzalumin shugaba, wanda hadisi ya sanya cikin mafificin jihadi. Duka biyun sun yi gaggawa. Al-Barnamaj ya dace a gwada su a kansa, tunda a ƙasar Musulmi aka yi shi, kuma labarinsa ya ƙare.

Mafi ƙarfin makamin shirin babu ƙarya a cikinsa. Sai a kawo alkawarin da Shugaba Muhammad Mursi ya ɗauka lokacin neman zaɓe, a bi shi da abin da ya aikata bayan ya hau. Ko a kawo mai wa'azin talabijin yana kira ga kyawun hali, a haɗa da inda yake zagin abokan hamayya da kalmomin da ko ɗan tasha zai ji nauyinsu. Malaman munazara sun san wannan, kama mutum da furucin bakinsa. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai koken wanda aka zalunta, da gargaɗin Musulmi, da mai bayyana ɓarnarsa a fili. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i kuma ta togace wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Abin da shugaba ya faɗa gaban kyamara ba asirinsa ba ne.

Sai dai Nawawi ya gindaya sharaɗin da masu kare shirin ba su cika ambata ba: mai bayyana ɓarna, abin da ya bayyana kaɗai ake ambatarsa da shi. A nan ƙafar Al-Barnamaj ta zame sau da yawa. Saɓa alkawari lamarin jama'a ne. Gurguwar Turancin Mursi fa, ko doguwar hular da aka sa masa ranar da wata jami'a a Pakistan ta ba shi digirin girmamawa, wadda Basim ya sa aka ɗinka ƙatuwar irinta ya riƙa sawa, wane haƙƙin talaka ke ciki? Ibn Rajab ya keɓe risala guda kan bambancin nasiha da gori, kuma hular gori ce. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ba ta cire shugabanni daga waɗanda ta hana a yi wa izgili ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta kwaikwayi wani gaban Manzon Allah (SAW), ya nuna ƙyamar hakan ƙwarai, alhali rabin dariyar irin wannan shiri daga kwaikwayon murya da yamutsa fuska take fitowa. Ga kuma habaicin batsa da aka riƙa yayyafawa kamar gishiri, wanda ko masoyan shirin masu iyali ba su rasa jin kunyarsa ba.

Batun ƙarya ya fi wuyar warwarewa. Hadisin Bahzu bin Hakim ya yi narko ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma shirin cike yake da labaran ƙirƙira da tallace-tallacen bogi. Amma malaman zaure a Sakkwato da Kano da Zariya sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, inda Abu Zaid As-Saruji ke hawa mumbarin wa'azi ya sa jama'a kuka sannan ya yashe musu aljihu. Ba a kira Hariri maƙaryaci ba, domin mai sauraro ya san ba labari ake ba shi ba. Abin lura ke nan, alamar da ke gaya wa mai ji cewa wasa ne. A talabijin alamar tana nan: lokacin shirin sananne ne, fuskar mai shi sananniya ce, ga shewar 'yan kallo. Da zarar an yanko daƙiƙa 30 an tura ta WhatsApp, alamar ta faɗi, dattijon da ya gani a Illela ko Gwadabawa zai ɗauke shi a matsayin labari ya idar wa wani. Mai shirin ya san haka za a yi, hasali ma fatansa ke nan. Da wuya a wanke shi gaba ɗaya daga ƙaryar da wani ya ƙarasa masa.

Zargi mafi nauyi shi ne na izgili ga addini. A ƙarshen Maris na 2013 ofishin babban mai gabatar da ƙara ya tuhumi Basim da cin mutuncin Musulunci da na shugaban ƙasa, aka yi masa tambayoyi na sa'o'i, aka ba da belinsa kan fam 15,000. Shi kuwa ya sha faɗin cewa da masu kasuwanci da addini yake. Raba malami da addinin da yake ɗauke da shi daidai ne a ilimi. Wanda ya hau talabijin ya yi ashar ba zai laɓe bayan ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba ba. A kan allo kuwa rabon ba ya da sauƙi. Idan mako bayan mako gemu da ɗagaggen wando da lafazin Larabcin fusha su ne ke tayar da dariya, yaron da ke kallo ba zai riƙe sunan mutumin ba, siffar zai riƙe. Bahaushe ya san wannan gaɓa tun daga 'yan kama, masu kwaikwayon zaman tafsiri suna fassara da tuwo da nama. An bar su suna yi a bukukuwa, amma ba kowane malami ya taɓa sakin jiki da su ba.

Ƙissar Huɗai'a tana da amfani ga mai fatawa a nan. Da Zibriƙan bin Badr ya kai ƙararsa wajen Sayyidina Umar (RA) kan wani baiti, Umar bai yanke hukunci ba sai da ya kira Hassan bin Sabit, masanin sana'ar, ya tabbatar masa cewa baitin da ke kama da lallashi zambo ne mai zafi. Sannan ya tsare mawaƙin, daga baya ya sake shi. Wanda bai san yadda ake yanka hoto a liƙa wani ba, bai san inda cutar take a shirin ba, kuma zai iya haramta mai tsabta ya wuce mai guba.

Yadda shirin ya mutu ma abin dubawa ne ga masu ganin duk rufe bakin ɗan zambo kishin addini ne. Zamanin Mursi an tuhume shi, amma bai daina fita ba. Bayan sojoji sun kifar da gwamnati a Yulin 2013, fitowa ɗaya ya yi yana zolayar masu kambama Janar Sisi, CBC ta dakatar da shi a farkon Nuwamba. Ya koma MBC Masr a Fabrairun 2014, ranar 2 ga Yuni kuma Basim ya sanar da rufe shirin. A Kano, a Nuwamban 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu, kan bidiyon barkwanci da suka yi wa gwamnan lokacin. Mai yiwuwa sun wuce iyaka. Amma a ƙissar Huɗai'a, Zibriƙan ne mai ƙara, Umar alƙali ne kawai, ba mutuncinsa ake shari'a a kai ba.