Amanar Ganau A Hannun Mai Ɗaukar Fim

Tun wajen shekara arba'in da suka shige, masu ɗaukar finafinan gaskiya, waɗanda ba na wasan kwaikwayo ba, suka sauya tafarki wajen ba da labarin kisan gilla da azabar da mahukunta ke gana wa talakawa. Maimakon mai sharhi da ke magana a ɓoye bisa tsofaffin hotunan sojoji da gawawwaki, sai su zaunar da wanda abin ya auku a kan idonsa, su bar shi ya faɗa da bakinsa. Claude Lanzmann na Faransa shi ya ɗaukaka wannan hanya da fim ɗinsa Shoah a 1985, wanda ya haura sa'a tara yana bayanin halakar Yahudawan Turai a hannun 'yan Nazi, ba tare da tsohon hoto ko ɗaya ba.

Alherin wannan tafarki a bayyane yake, domin azzalumi shi ke riƙe da takardu da hatimi, wanda aka zalunta kuwa ba shi da hujja sai tabon jikinsa da harshensa. Sai dai mai kallo yakan tashi yana zaton ya zama ganau, alhali kuwa jiyau ne, domin tsakaninsa da mai shaida akwai marawaici wanda ya zaɓi tambaya, ya yanke abin da ya ga dama, ya jera sauran yadda zai fi taɓa zuciya. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki adalcin marawaici da kiyayewarsa, ni kuwa ina ganin mai ɗaukar fim ya cancanci irin wannan bincike.

A cikin Shoah akwai Abraham Bomba, wanzamin da aka tilasta wa aske gashin mata a sansanin Treblinka kafin a kashe su. Lanzmann ya yi hayar shagon aski, ya ba shi almakashi, da kuka ya ci ƙarfinsa ya roƙi a dakata, sai ya matsa masa lallai ya ci gaba. Shaidar gaskiya ce, amma mai fim ne ya tsara majalisin, kuma da hawayen wani aka biya kuɗinta. Joshua Oppenheimer kuwa, a fim ɗinsa The Act of Killing na 2012, waɗanda suka yi kisan gilla a Indunusiya a 1965 ya bai wa fage, irin su Anwar Congo na birnin Medan, suka kwaikwayi ta'asarsu suna alfahari. Mutanen ƙasar da suka taya Oppenheimer aiki da yawa sun ɓoye sunayensu saboda tsoro, domin shi baƙo ne mai tafiya, su kuwa nan za su kwana.

Wanda na ga ya fi tsare amana shi ne Mahamat-Saleh Haroun na Chadi, a fim ɗinsa na 2016 game da mulkin Hissène Habré, wanda ya riƙe ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Haroun ya miƙa ragamar tambaya ga Clément Abaifouta, shugaban ƙungiyar waɗanda aka azabtar a zamanin Habré, wanda shi kansa ya yi zaman kurkukun 'yan sandan ciki na DDS yana binne 'yan uwansa fursunoni. Saboda haka masu shaida da ɗan uwansu a musiba suke magana, wanda ya san inda ya kamata a yi tambaya da inda ya kamata a yi shiru.

Sharuɗɗan da nake ganin sun wajaba uku ne: kada a yanke magana har ma'anarta ta juya, kada a tilasta wa mai rauni don a burge masu kallo, kuma a tabbatar da amincinsa bayan an naɗe kayan aiki. Fim ɗin da ya cika su ya zama hujja ga 'yan baya, wanda ya saɓa musu kuwa ya ƙara wa mai shaida zalunci na biyu, ko da ya ci kyauta a kowane biki na duniya.