Gafaka da Hatimi: Yadda Ake Adana Kayan Tarihi a Ƙasar Jega

Babu ranar da kayan tarihi suke shiga haɗari a Jega da Aliero da Maiyama kamar ranar rabon gado. Gona ana auna ta, shanu ana ƙirga su, kuɗi ana kasa su yadda shari'a ta tsara. Da an zo kan gafakar littattafan da mamaci ya gada daga kakansa, ko takobin da aka ce an fita jihadi da shi, ko tsohuwar rigar saƙi mai aska takwas, sai lissafi ya rikice. Wasu gidajen sukan bar littattafan wuri ɗaya a hannun wanda ya fi karatu, su zama amanar zuri'a. Wasu kuwa sai an yi musu kuɗi an raba. Littafin hannu na ƙasarmu ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a sake cikin bangon fata, don haka rabuwarsa ba ta da wuya. Rabi ya tafi Birnin Kebbi, rabi ya bi wani ɗa zuwa Legas, bayan shekara talatin babu mai iya cewa dā littafi ɗaya ne.

Ba banza irin waɗannan kaya suka taru a nan ba. Gimbana, garin Malam Abdussalami da mayaƙan Gobir suka far wa gab da hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, ba ta da nisa da Jega. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta kuma ta zama mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da masu gangarawa Nufe. Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubuce, tana kusa. Inda malamai da attajirai suka haɗu dole a sami littafi da tufafi masu tsada da makamai da wasiƙu. Har takardar da aka yi rubutun a kanta tana da labari, domin yawancinta daga Italiya take, in ka ɗaga ta a hasken rana za ka ga alamar jinjirin wata uku.

Ina girmama wannan adana ta cikin gida ƙwarai. Kayan ba a kulle suke bayan gilashi ba. Ana karanta littafin, ana fito da takobin ranar hawa, jika yana taɓa abin da kakansa ya taɓa. Gidan tarihi na Kanta da aka buɗe a Argungu a 1958 ya yi babban aiki, amma ba zai iya ba da wannan kusancin ba. Raunin al'adar ɗaya ne, kuma babba ne: labarin kowane abu yana cikin kan dattijo guda. Shi ya san wanda ya ƙera takobin, da malamin da ya kwafi littafin, da hanyar da ya bi ya shigo gidan. Ranar da aka kai shi makwanci, takobi ya koma tsohon ƙarfe kawai.

Wannan ne ya sa rayuwar wani Bature ɗan ƙasar Holan, Frits Lugt, take da abin da za ta faɗa mana. An haife shi a Amsterdam a 1884. Tun yana yaro yake tara abubuwa yana rubuta jerinsu, kuma a 1901 ya shiga aiki a gidan gwanjon Frederik Muller, inda ya zauna har 1915 yana tantance zane-zane da tsara littattafan gwanjo. Ya auri Jacoba Klever, wadda ta gaji dukiya mai yawa, wannan ya ba su damar sayen zane-zanen hannu na Rembrandt da na sauran gwanayen ƙasarsu, da wasiƙun masu zane. A 1947 suka kafa gidauniyar Fondation Custodia, wadda take riƙe da kayan a birnin Faris har yau, don kada a wargaza su bayan ransu. Ya rasu a 1970.

Masu tara kaya da suka fi shi kuɗi ba su ƙirguwa. Abin da ya ɗaukaka sunansa aiki ne da mutane da yawa za su raina. Masu tara zane a Turai sukan buga ɗan ƙaramin hatimi a gefen takarda ko a bayanta, alamar cewa ta taɓa zama tasu. Lugt ya bi waɗannan hatimai dubbai, ya ba kowanne lamba, ya gano mai shi, ya rubuta tarihinsa da ranar da aka yi gwanjon kayansa. Littafin ya fito a 1921, ƙarinsa a 1956, kuma har gobe masana suna ambaton hatimi da harafin L da lambarsa. Ya kuma tsara jerin littattafan gwanjo fiye da dubu ɗari, daga na shekarar 1600 har 1925. Da wannan ake iya ɗaukar takarda guda a bi hannuwan da ta ratsa na ƙarni uku.

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin zaure zai gane wannan aikin, domin silsila ce. Malamanmu ba su yarda da ilimin da ba a san daga bakin wa aka ji shi ba. Ijaza tana jero sunaye daga malaminka har zuwa mawallafi. Malam Abdullahi da kansa ya rubuta Ida'un Nusukh don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Masu kwafe littafi sukan rufe da sunansu da sunan wanda aka rubuta dominsa, wani lokaci har da rana da wata. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shafe rayuwarsa yana tara rubuce-rubucen magabata yana sanin asalinsu, shi ya sa hukumar tarihi ta Sakkwato take ɗauke da sunansa. Muna da ƙa'idar ke nan, sai dai mun tsare ta ga ilimi mun bar abin hannu. Mun san wanda ya ba da izinin karantar da littafi, ba mu rubuta wanda ya mallaki kwafin ba. Maƙeri da marini da baduku da mai ɗinkin riga kuwa sunayensu ba su ma shiga takarda ba.

Inda rubutu ya yi ƙaranci, nan dillali yake samun shiga. 'Yan kasuwar Hausawa sun daɗe da riƙe cinikin kayan gargajiya daga Kano har Abijan, su ne tsanin da yake tsakanin ƙauye da shagunan Turai. Ba na zargin duk mai wannan sana'a, neman halali ne ga da yawansu. Amma a shekarun 1990 an yi wa arewa maso yamma mummunan tono. Mutum-mutumin gasasshen yumɓu masu kaurin gira da gemu, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu wajen dubu biyu, suka cika kasuwannin Turai da suna ɗaya tak: na Sakkwato. Wace Sakkwato? Tsohuwar jihar ta haɗa da Kebbi har 1991, da Zamfara har 1996. Masu tonon ba su rubuta rami ko gari ba, alhali dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. A Amsterdam, garin Lugt, masana suka zauna a 1997 suka tsara jerin kayan Afirka da suke cikin haɗari, na Nok da Sakkwato da Katsina suna ciki. Duk da haka Faransa ta sayi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, a 2000 gidan tarihi na Louvre ya baje biyu daga cikinsu, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Na san abin da ya sa ba mu yi kuka ba: gumaka ne a idon mutane, wa zai yi makokin gunki? Ba wanda ya ce a bauta musu. Shaida ce ta mutanen da suka noma wannan ƙasa kafin Kanta ya gina Surame, kuma addininmu ya umarce mu da duba ƙarshen waɗanda suka gabace mu. A kusa da Yelwa, lokacin aikin madatsar Kainji a shekarun 1960, masana sun tono irin waɗannan siffofi bisa ƙa'ida, aka rubuta wuri da zurfi da abin da yake kewaye da su. 'Yan kaɗan ɗin nan sun fi ɗaruruwan da aka sace amfani ga tarihi.

Ita ma al'adar su Lugt ba tsarkakakka ba ce. A gidan gwanjo ta girma, hatimin babban mutum yana ƙara wa kaya farashi, kuma saboda haka ne ake ƙirƙira wa kayan sata asalin ƙarya. Tana kiyaye sunan mai saye fiye da na wanda aka karɓe daga hannunsa. Amma rubutun nan shi ya zama hujja a kan Turawan. Holan ta mayar wa Nijeriya kayan tagulla 119 na masarautar Benin a 2025 domin takardu sun nuna alaƙarsu da wawason da sojan Ingila suka yi a 1897. Littafin da ya fita daga wani gida a Maiyama cikin buhu ba shi da takardar da za a nemo shi da ita.

Aikin bai fi ƙarfin gida ba. Warƙa ɗaya a cikin kowace gafaka ta isa: sunan littafi, wanda ya kwafa, hannuwan da ya ratsa, adadin warƙoƙi, da bakin dattijon da aka ji labarin. Haka takobi da riga da tambari, a haɗa da hoton waya. Ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 za su iya taimakawa da ɗaukar hoto da adana shi a kwamfuta. Sharaɗi ɗaya nake gani wajibi: kayan su zauna a gidajensu, kuma kada a yaɗa jerin da sunan gida da unguwa a intanet, don ɓarawo ma yana karatu.