Azumin Bautar Rana a Addinin Hindu: Nazari a Kan Ruwayar Shahrastani da ta Biruni

Ɗalibin ilimin kwatanta addinai da ya tashi a kan littattafan Larabci yakan fara jin labarin masu bautar rana na ƙasar Indiya ne daga wurare biyu: al-Milal wa al-Nihal na Shahrastani, wanda ya rasu a shekarar 1153, da kuma Tahƙiƙu ma lil-Hind na Abu Raihan al-Biruni, wanda aka kammala wajen shekarar 1030. Duka biyun sun ambaci azumin da Hindu ke yi domin rana. Wannan azumi bai gushe ba har yau, saboda haka akwai damar a auna ruwayoyin biyu da abin da masu yinsa ke aikatawa. Malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa, kuma wanda ya ɗauki gurguwar sura daga littafi, gurgun hukunci zai yanke.

Azumin iri biyu ne fitattu. Na farko shi ne Rabibar Burata, na kowace Lahadi, domin Rabi ɗaya ne daga sunayen rana a harshen Sanskirit. Mai yinsa yakan yi wanka da sassafe, ya sa jan tufafi, ya fuskanci rana tana hudowa, ya kwarara mata ruwa daga butar tagulla tare da jajayen furanni. Sau ɗaya yake cin abinci a yinin, kuma ba ya cin gishiri. Na biyu shi ne Cat, wanda ya yi ƙarfi a jihohin Bihar da Jarkand da gabashin Uttar Paradesh da kudancin Nefal. Kwana huɗu ake yi a watan Kartika, tsakanin Oktoba da Nuwamba, kuma akwai ƙaraminsa a watan Caitira. Ƙololuwarsa kamewa ce ta kimanin awa 36 ba ci ba sha, inda mai azumin ke tsayawa cikin ruwan kogi ko tafki ya miƙa baiko ga rana lokacin faɗuwarta, sannan ya sake miƙawa da hudowarta washegari. Galibin masu ɗaukar nauyinsa mata ne, kuma buƙatunsu na gida ne: haihuwa, lafiyar 'ya'ya, tsawon ran miji.

Shahrastani ya sanya masu bautar rana cikin babin masu bautar taurari. Ya ce suna ɗaukar rana mala'ika ce mai rai da hankali, sun yi mata gunki riƙe da jauhari mai launin wuta, sun gina masa ɗaki da waƙafai da masu hidima, kuma marasa lafiya na zuwa su yi masa azumi suna neman waraka. Wannan batu na waraka ingantacce ne. Labarin Samba, ɗan Kirishna, wanda suke cewa rana ta warkar da shi daga kuturta, shi ne tushen darajar ɗakin bauta na Multan a wurinsu, kuma har yau ana danganta azumin Lahadi da lafiyar ido da ta fata.

Sai dai Shahrastani bai taka ƙasar Indiya ba. Bayanin nasa ya yi kama ƙwarai da wanda Ibn al-Nadim ya kawo a al-Fihrist wajen shekarar 987, wanda shi kuma ya jingina shi ga rahoton wani mutum da Yahaya bn Khalid al-Barmaki ya aika Indiya. Ke nan labari ne da ya kwana fiye da ƙarni uku kafin ya iso hannunsa. Babbar illar ma ba tsufan labarin ba ce, tsarin littafin ne. An gina al-Milal a kan rarraba mutane zuwa ƙungiyoyi, kowace da sunanta da aƙidarta, kamar yadda aka rarraba Mu'utazila da Khawarij. Gaskiya ne an taɓa samun ɗariƙar Saura wadda ta fifita rana a kan sauran ababen bauta, amma matar da ke azumin Lahadi ba 'yar wata ƙungiya ba ce. Tana iya yi wa Shiba azumin Litinin a makon nan ba tare da ta ga wani karo ba. Mai karatun da ya tafi neman "ƙungiyar masu bautar rana" a Bihar ba zai same ta ba, alhali kuwa bakin kogin cike yake da masu azumi.

Biruni ya fi kusa da abin da nisa. Ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Barahmana, kuma ya shaida a farkon littafinsa cewa hikaya yake yi, ba jayayya ba. Ya keɓe babi ga nau'o'in azumi, wani kuma ga ranakunsa. Ya lura azumi a wurinsu nafila ne, ba farilla ba. Ya siffanta yadda mai azumi ke goge haƙora, ya yi wanka, ya yayyafa ruwa kusurwoyi huɗu, ya ambaci sunan wanda yake yi wa azumin. Ya kuma ambaci cewa ranar shida ga watan Caitira azumi ce ta rana. Wannan ya zo daidai da lokacin ƙaramin Cat, domin kalmar Cat kanta "shida" take nufi. Dacewar tana da ban sha'awa, amma ba ta isa hujjar cewa bikin Bihar yake nufi ba, tun da yawancin abin da ya gani da idonsa a arewa maso yammacin ƙasar ne, wajen Fanjab da Multan.

Inda ruwayarsa ta yi rauni shi ne rabon da ya yi tsakanin khassa da amma. A ganinsa masu ilimi daga Hindu sun yarda da Ubangiji ɗaya, gumaka kuwa an yi su ne domin gama-garin mutane da hankalinsu ba ya kama abin da ido bai gani ba. Azumin Cat bai shiga wannan ma'auni ba. Ibada ce ta gama-gari tsantsa, amma rukuninta ba ya buƙatar gunki, ba ya buƙatar ɗakin bauta, ba ya buƙatar limamin Barahmana. Mace ce da kwandon gora cike da rake da ayaba da tekuwa, wato soyayyen alkama da mazarƙwaila, tana fuskantar ranar kanta. Biruni da bakinsa ya ce yawancin bukukuwan Hindu mata da yara ne ke yinsu, sannan ya wuce bai bi sawun maganar ba. Masu ba shi labari maza ne ma'abota littafi, sai addinin da ke cikin gida ya zama inuwa a littafinsa.

Akwai kuma matsalar kalma, wadda ta shafi marubutan biyu, ta kuma biyo duk mai fassara su zuwa Hausa. Sun yi amfani da "saumu", mai fassara ya ce "azumi", nan take mai karatu ya hango kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Amma burata asalinta alkawari ne da mutum ke ɗaura wa kansa domin biyan wata buƙata, kamun baki kuwa sashe ne kawai a cikinsa, tare da wanka da sadaka da sauraron ƙissa. Ta fi kusa da bakance. Ƙissar da ake karantawa ranar Lahadi ta nuna haka a fili: wata tsohuwa ce mai kiyaye azumin, rana ta saka mata da saniya mai kashin zinariya, maƙwabciya mai hassada ta sa sarki ya ƙwace saniyar, shi kuma ya ga bala'i har sai da ya mayar. Sakamakon a nan duniya yake, kuma a bayyane.

Matsayin Musulunci a kan sujada ga rana ba ɓoyayye ba ne. Suratu Fussilat ta hana shi, Suratun Namli ta kawo shi a matsayin ɓatan mutanen Saba'i, kuma an hana nafila a daidai hudowar rana da faɗuwarta, lokutan nan biyu da mai azumin Cat ke tsayuwa cikin ruwa. Wannan bai ɗauke wa malami nauyin siffanta abin yadda yake ba. Wanda zai karantar da babin daga Shahrastani yana buƙatar ya gaya wa ɗalibai tsawon isnadin labarin, wanda kuma zai karantar daga Biruni ya ajiye kusa da shi bayanin masu binciken zamani da suka tsaya a bakin kogin Ganga a Patna suka ga matan da idonsu.