Fenti da Rufi a Sana'ar Haɗa Kifin Yaudara na Katako da Roba

Kifin yaudara ɗan abu ne da ake sassaƙawa da katako ko a zuba da roba, a rataya masa ƙugiyoyi, a ɗaura a zaren fatsa ana ja cikin ruwa har babban kifi ya zaci abinci ne ya kai masa cafka. Haɗa shi da hannu a gida al'ada ce da ta kafu a Amurka da arewacin Turai, kuma fenti da rufin ƙarshe su suka fi cin lokacin mai aikin.

A garin Dowagiac na jihar Mishigan, wani mai kiwon zuma, James Heddon, ya soma sassaƙa irin wannan abu a shekarun 1890, ya shiga sayar da shi a 1902. Kamfanin Creek Chub na garin Garrett a jihar Indiyana ya sami haƙƙin mallakar wata dabara a 1919: a lulluɓe jikin katakon da raga mai ƙananan idanu, a fesa fenti ta cikinta, in an yaye sai zanen ɓawon kifi ya fito. A ƙasar Finlan kuwa, masunci Lauri Rapala ya fere nasa a 1936 da ɓawon itace mara nauyi irin na toshe kwalba, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan, ya narkar da fim ɗin hoto ya shafe shi. Jiki mara nauyi, ƙyalli, da rufin da ke hana ruwa shiga: a kan waɗannan uku sana'ar take tsaye har yau.

Aikin katako yana da tsari, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya zai ga sakamakon a ruwa. Bayan an goge jikin da samfefa, an dasa dalma a cikinsa don ya daidaita, sai a toshe ƙofofin itacen da epoksi ko wani gam mai ruwa-ruwa. Itacen balsa, wanda aka fi so saboda rashin nauyinsa, yana shan ruwa ƙwarai. In ya sha sai ya kumbura, fentin ya tsage. Gwanaye kan gwada iyon abin a baho tun kafin fenti, domin gyara ya fi sauƙi a wannan gaɓar. Daga nan sai farin fenti na shimfiɗa, sannan launuka da ƙaramin injin feshi, daga mai haske zuwa mai duhu: ciki fari, gefe ruwan azurfa ko ɗorawa, baya baƙi ko kore. Haka halittar yawancin kifaye take. Ana busar da kowane shafi kafin a ɗora wani, a manna idanu a ƙarshe.

Rufin ƙarshe shi ne inda aiki ya fi ɓaci. Epoksin ruwa biyu ne da ake aunawa a gauraya; in awon ya karkace ba zai bushe ba, sai ya yi ta danƙo. In maiƙon yatsa ya taɓa fentin, rufin kan janye daga wurin ya bar ɗan rami. Tun da yana kwarara kafin ya daskare, akan maƙala kifin a wata ƙafa mai juyawa a hankali na wasu sa'o'i, kamar mai gashin kaza, don kada ya taru a gefe guda. Sai kuma a kankare wanda ya toshe zobban ƙugiya.

Roba iri biyu ce. Mai tauri ba ta shan ruwa, don haka gogewa kaɗan da share maiƙo sun ishe ta kafin fenti, sai dai sinadarin tsarma fenti mai ƙarfi yana iya cin jikinta. Mai taushi, irin tanar roba da Nick Creme ya fito da ita a Akron ta jihar Ohayo a 1949, launinta a cikin jiki yake: ana dafa ruwan robar zuwa wajen digiri 175 a ma'aunin Salshiyas, a zuba launi da ƙyalƙyali, a juye a mazubi. Hayaƙinta da ƙurar feshi duka suna cutar da huhu, shi ya sa ake aikin a wuri mai iska da takunkumi. Ba a ajiye mai taushi tare da kifin da aka yi wa fenti, domin takan narkar da fentin.

Babbar muhawarar masu sana'ar ita ce: wa ake yi wa adon, kifi ko mai saye? Masu shakka suna da hujjoji. Ruwa yana shanye jan launi cikin 'yan mitoci kaɗan, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Kifin da ya taso daga ƙasa ya kai hari a saman ruwa inuwar ciki kawai yake gani, zanen baya bai dame shi ba. Yana kuma jin girgiza ta wata jijiya da ke gefen jikinsa, ko da ruwan ya gurɓace. Sau da yawa tsohon kifin katako da haƙora suka kankare fentinsa yana ci gaba da kamu. Masu kare adon su kuma sun ce a ruwa garau, inda ake jan abin a hankali ko a tsayar da shi, kifi na samun sukunin dubawa, kuma nan kamanni ke yin rana.

Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne ado ba ya rama motsi. Rufin da ya yi kauri yana ƙara nauyi, ya kashe kaɗawar balsa, ya nutsar da abin da aka yi don ya yi iyo a sama. Saboda haka ana auna gwanintar mai fenti da yadda ya tsare itacen daga ruwa ba tare da ya taɓa rawarsa ba. Adon kuma ya buɗe wata kasuwa daban: masu tara tsofaffin kifayen yaudara, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1976, fentin asali suke nema, kuma sake fentin tsohon kifi yana karya darajarsa ko da ya ƙara masa kyau.