Dokin da aka saki ya dawo da ƙafarsa

A gasar ƙananan dawaki da ake yi a Amurka, babu wasan da ya kwanta mini a rai kamar wanda suke kira Liberty. Dawakin ƙanana ne ƙwarai da gaske. Ƙungiyar AMHA, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa dokin da ya haura inci 34 rajista, ita kuwa AMHR takan karɓa har inci 38. Mai doki zai shigo fili da mataimaki ɗaya, kiɗa na tashi ya zare ragama. Minti ɗaya da rabi doki zai yi yana sassarfa da sukuwa, ba kowa a bayansa, ba igiya a wuyansa. Kiɗa na tsayawa, an ba mai shi minti 2 ya kama shi ya mayar masa da ragama, shi kaɗai.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Doka ta yarda a riƙe bulala da gora mai tsakuwa a ciki, muddin ba a taɓa doki da su ba. Sai wasu suka ɗauki wannan dama suka mayar da ita horon baki ɗaya. Kalli bidiyon gasar da kyau: ana kaɗa gora, ɗan doki ya zabura, farin idonsa a waje, yana bin jikin shinge yana neman mafita, 'yan kallo kuwa sai tafi suke yi don wutsiya ta miƙe sama. Wallahi raina ɓaci yake yi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da barga ya san dokin da ke tutsu don nishaɗi, ya kuma san wanda firgici ke kora.

Ni a wurina, wasan yana cikin minti biyun ƙarshe. Kiɗa ya ɗauke, wata mai doki ta sauke bulala ƙasa, ta ɗan juya wa dokinta kafaɗa, ta durƙusa. Ɗan dokin ya tsaya yana huci, kunnuwa a gaba, sannan ya tako ya cusa hancinsa cikin ragama da kansa. Wannan ba a fili ake koyonsa ba. Watanni ake yi a ƙaramin shinge a gida, a kira shi, a shafa shi, a sake shi ya koma wasa, don kada ya ɗauka duk kamu ƙarshen daɗi ne. A riƙa sa masa kiɗan har ya gane cewa shiru na nufin "zo". Aiki ne na mai haƙuri, kuma ba ya ɓoyuwa.

Saboda haka ina roƙon alƙalan da ke zama a gasannin Fort Worth da Tulsa: ku ƙara wa kamu nauyi a maki, ku rage wa duk dokin da tsoro ya sa shi gudu, komai kyan tafiyarsa.