Harshen da Yara Suka Koya wa Iyayensu

A tarihin harsuna ba a san wanda ya yi irin abin da Ibrananci ya yi ba. Kusan shekara 1,700 ya shafe babu uwar da ke rarrashin jaririnta da shi, da wuya a ji mai taya kaya da shi a kasuwa, sai ga shi yau a bakin mutum kusan miliyan 9, fiye da rabinsu kuma da shi suka buɗi baki. In an tashi ba da labarin, sunan mutum ɗaya akan kama, Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya sauka Falasɗinu a 1881 da alwashin Ibrananci kaɗai za a ji a gidansa. Labarin yana da daɗin ji, amma yakan ɓatar da mai son sanin yadda abin ya yiwu. Hujjoji sun nuna harshen ya koma baki ne don abu uku sun haɗu a lokaci guda: rubutun da bai taɓa yankewa ba, jama'ar da ta taru daga uwa duniya ba ta da harshen da zai haɗa ta, da yara ƙanana da aka damƙa wa shi tun suna ɗanye.

Da farko, masu cewa harshen ya mutu sun yi saurin yi masa jana'iza. Bayan Rumawa sun murƙushe tawayen Yahudawa na Bar Kokhba a shekara ta 135, Yahudawa suka riƙa komawa Aramanci da Girkanci, daga baya Larabci, sai Yidish a Turai da Ladino a ƙasashen Turkawa. Ibrananci ya tattara ya koma ɗakin ibada da zauren karatu. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan matsayi, domin ya san malamin da zai fassara littafin fiƙihu baƙi da baƙi, ya rubuta wasiƙa da Larabci har ya tsara waƙa, amma da Hausa zai tambayi uwargida ko tuwo ya sauka. Haka Ibrananci ya zauna. Musa bin Maimun ya rubuta babban littafinsa na shari'a da shi a Masar wajen 1180, mawaƙan Andalus sun ɗora shi kan ma'aunin waƙar Larabawa, Ibn Janah ya tsara nahawunsa da dabarun malaman Larabci. A 1853 Abraham Mapu ya fitar da ƙagaggen labari da shi, a 1856 jaridar Ha-Maggid ta fara fita. Kusan duk ɗa namiji da ya je makarantar addini ya iya karanta shi. Abin da ya rasa shi ne sunayen kayan madafa da na titi, har Theodor Herzl, jagoran 'yan Sahayoniya, ya nuna shakka a 1896 ko akwai wanda zai iya sayen tikitin jirgin ƙasa da shi.

Wannan giɓi ne Ben-Yehuda ya ɗaura ɗamarar cikewa. Da aka haifa masa ɗa a 1882 ya hana kowa furta wani harshe kusa da yaron, ya hana shi wasa da 'ya'yan maƙwabta, har yaron ya yi jinkirin magana na kusa da gidan suka fara tsorata. Gidan ya zama maƙera. In ana bukatar kalma sai ya duba tsofaffin littattafai, in babu sai ya ƙera daga saiwa: daga "mila", wato kalma, ya fitar da "milon", ƙamus, daga "et", wato lokaci, ya fitar da "iton", jarida. Inda Ibrananci ya gaza sai ya ara daga ɗan uwansa Larabci, kamar "adiv", mai ladabi, wadda tushenta ɗaya da "ladabi" ta Hausa. Ya watsa su ta jaridarsa Ha-Zvi, ya shiga kafa kwamitin harshe a 1890, ya fara ƙamus da ba a kammala ba sai 1959, shekara 37 bayan rasuwarsa. Duk da haka, a Ƙudus inda ya zauna, bai ci kasuwa ba. Malaman gargajiya sun ga mai da harshen Attaura abin hirar tsakar gida keta alfarma ne, suka yi masa yaji na addini, aka kai ƙararsa ga hukumar Turkawa masu mulkin ƙasar har ya kwana a kurkuku a 1893. Bayan shekara 20 da zuwansa, gidajen birnin da suka bi sawunsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ko a kalmomi jama'a ke da ta cewa: ya ba tumatir suna "badura" daga Larabci, mutane suka ƙi, suka riƙe "agvaniya" ta wani marubucin.

Ashe ba a Ƙudus gizo ke saƙa ba. A ƙauyukan noma da baƙin Yahudawa suka kafa ne abin ya kama, kuma larura ce ta riƙe masa fitila. Mai Yidish daga Rasha da mai Ladino daga Salonika da mai Larabci daga Yaman ba su da abin da suka haɗa sai harshen littafin addu'a, kuma tun kafin Ben-Yehuda da shi suke lallaɓawa in ciniki ya haɗa su. Malaman makaranta suka ɗauki dabarar koyar da Ibrananci da Ibrananci, babu fassara: a ɗaga abu a faɗi sunansa, yaro ya maimaita. Makarantar Rishon LeZion da aka buɗe a 1886 ta kai ga koyar da kowane darasi da shi, a 1898 kuma aka buɗe ajin renon yara a garin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara huɗu ya wuni yana wasa da faɗa da kuka cikin Ibrananci, ya dawo gida da shi, uwa ta tsinci kalmomi daga bakin ɗanta. Sai ga ayarin baƙin da suka iso daga 1904 zuwa 1914, galibi samari da 'yan mata da suka baro iyaye a Rasha suna kallon Yidish a matsayin harshen zaman ƙasƙanci. Da suka yi aure babu kaka a ɗaka da za ta yi wa jika tatsuniya da tsohon harshe, sarkar gado ta tsinke a wuri ɗaya.

An ga ƙarfin wannan zuriya a 1913, sa'ad da ƙungiyar Yahudawan Jamus da ke gina kwalejin fasaha a Haifa ta ce da Jamusanci za a koyar da kimiyya. Ɗalibai da malamai suka ƙaurace wa azuzuwa, suka buɗe nasu makarantu, a farkon 1914 ƙungiyar ta janye. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1916 da 1918 ta nuna kusan kashi 40 cikin 100 na Yahudawan ƙasar sun ce Ibrananci ne babban harshensu, a tsakanin yara kuwa adadin ya zarce haka nesa. Da Ingila, mai mulkin ƙasar a lokacin, ta amince da shi a matsayin harshen hukuma a 1922 tare da Larabci da Ingilishi, abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa ta sa wa hatimi.

Wani zai ce ai ikon hukuma ne sirrin, tunda ƙasar Isra'ila ta sa shi a makaranta da barikin soja, ta buɗe azuzuwan "ulpan" na koya wa manya tun 1949, ta kafa cibiyar harshe a 1953. Gaskiya ne waɗannan sun haɗiye ɗaruruwan dubban baƙi. Amma a dubi Ayilan: tun 1922 gwamnati ke tilasta koyar da harshen gargajiyar ƙasar, sai ga ƙidayar 2022 ta sami mutum kusan 72,000 kacal da ke magana da shi kullum a wajen makaranta, cikin fiye da miliyan 5. Dalili a fili yake, kowa a can ya riga ya iya Ingilishi, babu wanda zai kwana da yunwa don bai iya ɗayan ba. Doka tana iya shigar da harshe aji, amma ba ta iya raka shi bakin murhu in akwai wanda ya riga shi zama.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Masana irin su Ghil'ad Zuckermann na ganin abin da ya tashi ba shi ne ya kwanta ba, ruwa biyu ne: saiwoyi na Ibrananci, amma lafazi da zubin tunani na Yidish da harsunan Turai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Yawancin masu magana da shi yau sun yar da sautin ainun, sun mai da ha mai ƙugiya ta zama kha, ra kuma ta koma maƙogwaro, domin bakin waɗanda suka fara koyar da shi bai saba da su ba. Sai dai sarafin fi'ili da gina kalma daga baƙaƙe uku suna nan daram, kuma ɗan sakandare yana gane labaran Attaura da ɗan taimako. Wannan suka ma ƙara wa hujjar ƙarfi take yi: da kwamiti ne ya raya harshen, da ya fito yadda littafi ya tsara; tunda yara ne, sai ya fito da tabon bakin iyayensu.

Saura batun abin da aka biya. Larurar da ta ɗaga Ibrananci ita ta danne 'yan uwansa. A shekarun 1920 matasa masu kiran kansu rundunar kare harshe sun riƙa tarwatsa tarurrukan Yidish a Tel Aviv. 'Ya'yan Yahudawan Iraƙi da Maroko sun tashi suna jin kunyar Larabcin iyayensu. Kuma raya harshen reshe ne na aikin kafa ƙasa da ya raba dubban ɗaruruwan Falasɗinawa da gidajensu a 1948, aka sauya sunayen garuruwa da yawa, har dokar 2018 ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Duk mai son ɗaukar darasi daga Ibrananci don ceto harshensa, sai ya san cewa sharuɗɗan da suka haifar da shi ba a ƙirƙira su da takarda, wasu ma ba abin fata ba ne. Abin da ake iya ara kaɗan ne amma tabbatacce: ƙamus na jiran mai buɗe shi, jarida na jiran mai saye, harshe kuwa yana rayuwa ne ranar da yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, ya kira uwarsa da shi ba tare da ya tsaya tunani ba.