Yawan ido daban, kaifin gani daban

Duk sanda aka yi zancen NIKA2, kyamarar da ke kan na'urar hangen nesa ta rediyo mai faɗin mita 30 a Sifaniya, sai ka ji ana yabon ƙwayoyin gano haske kusan 3,000 da take da su. To amma yabon nan yana rikita mai karatu. Yawansu sauri kawai yake ƙara wa aikin leƙa sararin samaniya. Kaifin hoto kuwa, faɗin faranti da tsawon zangon hasken, wato milimita 1 zuwa 2, su ke yanke shi. Shi ya sa tarin taurari biyu masu maƙwabtaka kan fito ɗigo guda, sai ALMA ta ƙasar Chile ta raba su. Mai ƙirga ɗigo ya yi hattara.